Shekarar da Na Riƙe Koren Dutse

Ina 'yar ƙarama na fara ganinsa, a ɗakin kakata Iya, cikin zangon Sokode. Ta aike ni in ɗauko mata kwalli a adudu, sai hannuna ya taɓo wani ƙullin tsumma, na kwance. Duwatsu ne biyar, kowanne da launinsa, amma ɗaya ne ya tsayar da ni. Kore ne, bai fi ƙwayar gurjiya ba, da 'yar huda a tsakiya. Hasken hantsi ya shigo ta taga ya sauka a kansa, na ga kamar akwai ruwa a cikinsa, ruwa mai zurfi irin na rijiya idan damina ta yi nisa. Na kai shi ido na leƙa, ɗakin duka ya koma kore, har da fuskar Iya, wadda ta gaji da jira ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kwalli na aike ki ko bincike?" in ji ta. "Mayar mini, 'yar nan. Waɗannan sun girmi ubanki, sun girmi uban ubanki."

Ragowar abin wuyan kakarta ne. Mutanen gidanmu fatake ne tun asali, masu bin hanyar Gwanja da jakuna, a irin wannan tafiya wani ya sayo wa matarsa duwatsun. Zare ya tsinke sau da yawa, ana rabon gado suna raguwa, har biyar suka rage a hannun Iya.

Na fara da wannan ne, 'ya'yana, saboda maganar da Nafisa ta dawo da ita daga biki a Sokode bara. Ta shigo ko gyale ba ta cire ba, ta ce wata tsohuwa ta nuna ta da baki, ta ce ga 'yar wadda ta tozarta ɗan mutane a gaban jama'a don tana da wani a ɓoye a Dapaong. Ban ba ta amsa ba a ranar. Ga amsar nan yanzu, ku karanta ku duka, don ba na son bayan raina ku ji labarina a bakin waɗanda ko wurin ba su je ba. Lokacin da abin ya faru ban taɓa taka Dapaong ba, ban kuma taɓa jin sunan babanku ba.

A shekarun da na zama budurwa, Malam Idi, limamin ƙaramin masallacin unguwarmu, ya tara samari da 'yan matan zango ya kafa mana ƙungiya. Aikinmu sharar masallaci, ɗaukar kujeru in ana biki, gaida marasa lafiya, da ɗan wasan kwaikwayo in an yi Sallah. Shi ya je ya roƙi Iya aron duwatsun nan, ya raɗa wa kowanne hali. Jan murjani haƙuri, lu'ulu'u kunya, yaƙutu gaskiya, lantana riƙon amana, koren kuwa, da ya ce zumurrudu ne, shi ne zumunci. Ko zumurrudun gaske ne ko tsohuwar kwalba ce, Allah ne masani, Iya kanta ta ce ba ta sani ba. Wasu malamai sun yi surutu, suka ce an kawo wa yara tsafi. Malam Idi ya tsaya a kan cewa dutse ba ya ba kowa hali, ba ya tsare kowa daga ko ciwon kai, tuni ne kawai, kamar ƙullin da mace ke yi a bakin zane don kada ta manta saƙo.

Kowace shekara, bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki, idan an yi la'asar, akan shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallacin, a ajiye faranti da farin ƙyalle a kai. Wanda ya riƙe dutse shekara guda zai fito ya ajiye shi a farantin, ya faɗi abin da ya koya, sannan ya ɗauka ya sa a tafin wanda ya ga ya fi kowa wannan hali. Sharaɗin shi ne ka faɗi abu guda da ka gani da idonka. Ba a karɓar "an ce". Ba a kuma shawara da kowa kafin ranar, har da Malam.

To, amma mu yara ne, jini na tafasa. Ba a daɗe da farawa ba wani saurayi ya ba budurwarsa lu'ulu'u, kafin azumi aka ɗaura musu aure. Wata ta ba saurayinta lantana, su ma haka. Daga nan zango ya ɗauka cewa in budurwa ta sa dutse a hannun saurayi, to ta amsa ke nan, manyansa su shirya goro. Iyaye mata suka fara zuwa kallo da 'yan kujerunsu. Malam Idi yakan yi tsaki ya girgiza kai, amma da yake auren sunna ake yi, bai hana ba.

Ni kuwa a lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya. Direbobin manyan motoci ke kawo su daga Kano tare da atamfa da turare, muna ba juna aro har bango ya cire. A lakwal, wato makarantar boko, Faransanci aka koya mana, Hausar boko a cikin waɗannan littattafai na koye ta, ina haɗa baƙi ni kaɗai a bayan keken ɗinki. Na yarda da duk abin da ke cikinsu. Na yarda cewa saurayin kirki, idan budurwarsa ta yi abin da ya dace, ko da ya yi masa ciwo, idanunsa za su ciko da ƙwalla ya ƙara sonta. Kuma ina da wanda nake ara wa fuskar duk wani saurayin littafi, wato Salisu, ɗan Alhaji mai shagon yadi, shugaban ƙungiyarmu, wanda muke kira Perzidan. Dogo ne, mai sanyin murya, in ya tashi jawabi har tsofaffi kan daina taunar goro. Yakan zo gidanmu da yamma ya tsaya a zaure mu yi hira, Iya na gyaran murya daga ciki don mu san tana nan.

A shekarar da nake ba ku labari aka ba ni koren dutse. Wadda ta riƙe shi kafina ta ce ba ta taɓa zuwa suna ko biki ko gidan rasuwa ba ta tarar da ni a can ba. Gaskiya ne, ko da yake rabin abin da ke kai ni kallon ɗinkin mutane ne. Na zura shi a baƙin zare na rataya a wuya. Da aka watse Salisu ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Rabi, ki riƙe mini shi da kyau. Baɗi zan zo karɓa."

Na daɗe ina maimaita wannan magana, ina taka keke ina murmushi ni kaɗai, har Madam ɗinmu mai koya mana ɗinki ta tambaya ko aljanu ne suka shafe ni.

Da damina ta faɗi, Sakina ƙanwar Salisu ta kwanta. 'Yar ƙungiyarmu ce, kuma tare muke koyon ɗinki. Tari ne ya kama ta, mai zuwa da jini, irin wanda a lokacin ko sunansa ba a son faɗa. Uwarsu ta rasu tun suna yara, gwaggonsu ce ke riƙon gidan. Aka ware wa Sakina ɗaki a can baya kusa da turken awaki, da kofinta da kwanonta, ana tura mata abinci ta bakin ƙofa. Mu 'yan ƙungiya muka je gaisuwa a jere, muka tsaya a taga muka ce Allah ya sawwaƙe, muka tafi. Ni na riƙa komawa, don abin da ke wuyana ba ya barina in zauna, amma iyakata tagar nan.

A can nake tarar da Damigu. 'Yar ƙabilar Moba ce daga Dapaong, ta zo Sokode koyon ɗinki a wurin Madam ɗinmu, Sakina ce ta jawo ta ƙungiya. Gajera ce, ƙaƙƙarfa, Hausarta duk ta maza ce, mace ma "kai" take ce mata, muna yi mata dariya tana taya mu. Ita ba ta tsayawa a taga. Kafin ta tafi wurin ɗinki za ta shiga ta share ɗakin, ta fitar da gwangwanin kaki ta wanke, ta dama koko ta ba Sakina a baki. Ranar allura ita ke riƙe ta su taka har asibiti, suna tafiya suna hutawa a gindin mangwaro. Madam ta yi mata faɗan latti har ta gaji ta bari. Wata rana na same ta tana wankin zannuwan gadon, na tambaye ta ko ba ta tsoro.

"Ina tsoro mana," in ji ta, tana matse zane. "Amma Sakina ma yana tsoro, kuma shi ba ya iya fita. Kai, Rabi, miƙo mini sabulu, ka tsaya kamar soja."

Kada ku ɗauka Salisu ya yi watsi da ƙanwarsa. Shi ke sayen magani, shi ke kawo nama da madara. Amma a bakin ƙofa yake ajiyewa, hanci a cikin hankici, ya ce yaya jiki, ya juya. Rannan ina tsaye a wurin ta kira shi da 'yar muryarta.

"Yaya, shigo mana. Na fara manta kamanninka."

"Ina sauri, Sakina, an bar shago ba kowa. Gobe in Allah ya so."

Na ga ta juya fuska bango. Damigu ta ɗauki mataji ta hau gadon ta fara tsefe mata kai, tana yi mata wata waƙa da yarensu. Ina tsaye har ta gama kitson.

Allah ya yi da sauran kwana, kafin Sallah ta zagayo Sakina ta fara tashi. Ni kuwa duk tsawon shekarar ina neman abu guda da zan faɗa a kan Salisu. Kuma akwai abin faɗa. Shi ya kai mu ta'aziyya har Tchamba, shi ya haɗa mu zumunci da samarin Aouda. Da na faɗi wannan babu mai musawa, guɗa za a yi. Amma duk lokacin da na gwada jawabin a bakina, sai in ga Damigu a kan gadon nan da mataji a hannu, maganar ta maƙale.

Ranar taron da hantsi Mma, mahaifiyata, ta fito mini da sabon leshi tana ta fara'a.

"An ce Salisu ya ɗinka babbar riga," in ji ta. "Gwaggonsa ta ce goro ma an saya. Ki ɗaga murya fa, kada ki tsaya kina noƙe-noƙe."

Iya na zaune a kan turmi tana gyaran ganyen ayoyo na miya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ni dai aron duwatsu na ba Malam," in ji ta. "Ban ce a mayar mini da su kayan toshi ba."

"Haba Iya, me ya ɓaci? Ba aure ake yi ba?"

"Ban ce wani abu ya ɓaci ba. Ke Rabi, me kika gani?"

Na yi shiru.

"To," in ji Iya. "Shirun nan ma na ji shi."

Na riga na yanke shawara, kuma ina so ku san cewa ba da baƙin ciki na tafi wurin ba. Da ɗoki na tafi. Na gama tsara abin a kaina kamar shafin ƙarshe na littafi. Zan ba Damigu, wuri zai yi tsit, sai Salisu ya miƙe da babbar rigarsa, ido cike da ƙwalla, ya ce wannan ita ce matar da yake nema, wadda ba ta sayar da gaskiya ko don shi ba. Na ma zaɓar masa kalmomin da zai faɗa. Ban faɗa masa komai ba, don ba a shawara, kuma ban ga dalilin ɓata daɗin ranar ba.

Wuri ya cika har bakin hanya. Salisu na gaba kusa da Malam, cikin shuɗiyar riga mai aiki, abokansa na zungurinsa. Sakina ta fito a karon farko, ta rame kamar a hure ta, tana zaune da Damigu a ƙarshen tabarma, mutane sun bar musu fili ta kowane gefe. Aka ba da murjani, aka ba da lu'ulu'u, aka yi guɗa. Aka kira sunana. Na ciro dutsen na ajiye a kan farin ƙyallen.

"Na riƙe zumunci shekara guda," na ce, "na gane cewa ƙafata ce kawai ke yinsa. Ga abin da na gani da idona. Na ga wadda ba dangi ba, ba gari ɗaya ba, ba yare ɗaya ba, ta shiga ɗakin da dukanmu muka tsaya a waje. Na ga ta wanke abin da ba mu iya kallo. Na ga ta yi wa Sakina kitso ranar da babu mai son taɓa ta."

Kafin in rufe baki Salisu ya riga ya fara miƙewa, don bai tsaya jin kalmomin ba, ya ga dai na ɗauki dutsen. Na wuce ta gabansa. Na taka har ƙarshen tabarma na kama hannun Damigu na sa mata. Ta dubi tafinta, ta dube ni.

"Kai, Rabi, ka yi kuskure," in ji ta da ƙarfi. "Ga Perzidan can."

Wasu yara suka fashe da dariya. Malam Idi ya ɗaga hannu.

"Ba ta yi kuskure ba. An faɗi abin da aka gani. A yi Fatiha."

Ba a yi guɗa ba. Ana cikin shafa Fatiha na ji wata tsohuwa a bayana, da muryar da kowa zai ji, tana cewa ashe bare ce ta yi jinyar 'yar Alhaji, 'yan gida na nan da ransu. A nan na gane abin da na yi. Babu littafin da ya faɗa mini cewa a zango ba a yabon baƙo a kan aikin da na gida ya kamata ya yi ba tare da an tsiraita gidan ba. Ni na ce dukanmu, amma abin da jama'a suka ji shi ne gidan Alhaji, kuma a gidan Alhaji, Salisu.

Ya koma ya zauna. Ya tsaya har ƙarshe, ya rufe taro da muryarsa ta kullum, ya gode wa iyaye, bai dubi inda nake ba. Na yi ta jiransa a zaure da yamma, bai zo ba. Da na kasa haƙuri na tafi shagonsu kamar mai sayen yadi.

"Me za a ba ki, Malama?" in ji shi.

"Salisu, ni ce fa."

"Na gan ki. Wanne za a yanka?"

Na fito ban sayi komai ba. Kafin azumi ya auri wata yarinya daga Kambole.

Mma ta daɗe ba ta yi mini magana sai ta dole. Gidan Alhaji suka daina amsa gaisuwarmu, matan da ke kawo mini ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, in na shiga gidan biki sai hira ta canza. Sakina kaɗai ke zuwa, a ɓoye, ta zauna kusa da ni. Iya kuwa ba ta taɓa cewa na kyauta ba, ba ta kuma ce na ɓata ba. In ta ga na zauna na zuba tagumi sai ta turo mini kwano ta ce in ci tun da zafi. Na daina karanta littattafan nan na wani lokaci. Ina jin haushinsu kamar ƙawar da ta ba ni shawara ta gudu.

Da Damigu ta gama koyon ɗinki za ta koma gida, ta ce in bi ta, a Dapaong babu mai iya ɗinkin zango sosai. Baba ya yarda, don yana da ɗan'uwa mahauci a can, kuma ya ga zaman Sokode ya ƙi ni. Muka buɗe shago da keke biyu a bayan kasuwa. A nan babanku ya kawo gyaran aljihun riga, ya dawo da wata rigar, ya sake dawowa da wata, har Damigu ta ce masa in rigunan sun ƙare ya faɗi abin da ke kawo shi. Bai taɓa yi mini magana irin ta littafi ba, Allah ya jiƙansa, amma bai taɓa barina a bakin ƙofa ba. Ban yi da-na-sanin abin da na yi ba, sai dai na biya. Ban ƙara zama a garin da aka haife ni ba, kuma ranar da Iya ta rasu, kafin motarmu ta isa Sokode an dawo daga maƙabarta.

Kun tuna rasuwar Damigu, ku kuka yi ta ɗaukar kujeru da ruwa. A cikin masu gaisuwa akwai wata dattijuwa da ta zo daga Tchamba tana jan wani tsoho mai baƙin tabarau da sanda. Kun ba su ruwa ba ku san su ba. Sakina ce, a Tchamba take aure, tsohon kuwa Salisu. Ciwon suga ya cinye masa idanu, shago ya daɗe da rufewa, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Lome, ita ta ɗauko shi ta ajiye a gidanta. Ta ce shi ya matsa sai an zo da shi. Ya sa ta kawo shi inda nake zaune.

"Hajiya Rabi ce?"

"Ni ce, Alhaji. Sannu da hanya."

"Yaya haƙuri?"

"Da godiya."

Ya yi ta juya sandarsa, har na ɗauka ya gama. Sai ya ce:

"Na daɗe ina juya maganar da kika yi ranar nan, ina neman inda kika ƙara gishiri. Da na samu ko kalma ɗaya, da na zo zaurenku na yi miki faɗa mun shirya. Ban samu ba."

Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya ce amin. Sakina ta kama sandar ta gaba, ya riƙe ta baya, suka nufi tasha. Da damina ta zagayo aka aiko mini ya rasu a can Tchamba, a hannunta.